Kwana Huɗun da Muka Ɓoye wa Likita

Muna cikin tasi, mun wuce Hanwa ke nan, Yaya ta damƙi hannuna ta ce, "In sun tambaye ki, jiya ya fara. Kin ji ni ko?"

Na ce na ji. Ranar Alhamis ce, ciwon kuwa tun ran Lahadi ya kama ta, bayan an taso daga coci ta biya wani gidan biki ta sha farfesun kayan ciki.

Yaya ce ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Atamfa take sayarwa a kasuwar Sabon Gari, da ita ta ɗauki nauyin karatuna har na zama malamar firamare a Samaru. Mace ce da ba a yi mata gardama, ko mai sayen kaya in ya cika taya-taya sai ta naɗe atamfarta ta ce ya gwada gaba. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa hannun irinmu ba. Ran Litinin maƙwabciyarta ta kira ni ta ce Yaya ba ta fita kasuwa ba, ciki ya murɗe ta. Na ce ai olsarta ce, a karɓo mata farin maganin nan a kemis, ina fama da jarrabawar yara. Talata ban je ba. Laraba ma ban je ba. Da na je ran Alhamis na tarar da ita zaune a bakin gado ta dunƙule, goshinta a kan gwiwa, bokitin amai a gefe. Ta ce in ta kwanta rigingine ji take kamar ana soka mata ƙarfe daga ƙirji ya ɓulle ta baya.

Maganar "jiya ya fara" ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan. A wajenmu kowane ciwo jiya yake farawa. Mutum zai yi mako yana shan jiƙo da ƙwayar kemis, amma da ya tsaya gaban likita sai ciwon ya koma ɗan kwana ɗaya. Dalili kuwa kowa ya san shi: ba wanda ke son a ɗaga murya a gaban jama'a a ce, "Sai yanzu kuka ga damar kawo ta?" Ni ban ma ɗauke ta ƙarya ba. Na ɗauke ta kamar sauya zane kafin a fita unguwa.

A babban asibiti likitan farko ya tambaya, na ce jiya. Ya rubuta. Aka ɗebi jini, aka sa mata ƙarin ruwa, aka zura mata roba ta hanci, aka ce ko ruwa kada ta sha. Wannan ya fara ɗaure mini kai. Mace ta kwana huɗu ba abin da ya zauna a cikinta, an kawo ta inda za a taimake ta, kuma abu na farko shi ne a hana ta ruwa. Ita kuwa duk wanda ya zo ya ce, "Mama, ya jiki?" sai ta ce, "Da sauƙi," gumi na zuba a fuskarta. Sai da na ji kamar in maka mata jakata.

Washegari da hantsi babban likita ya zo zagaye, wani dattijo mai furfura, da ayarin ƙananan likitoci a bayansa. Suka kewaye gadon suna ta Turanci. Ni da nake koyar da Turancin, a cikin goma ban kama uku ba. Ya latsa cikinta, ya duba takardar jini, ya sake latsawa, ya sake dubawa. Daga ƙarshe ya juyo ya yi mini Hausa. Ya ce da fari sun zaci kumburin pankiriyas ne, amma awon jinin bai goyi bayansu ba, don da shi ne da abin da suke aunawa ya hau sosai, wannan kuwa da ƙyar ya ɗaga. Saboda haka suna tsoron ko olsar ce ta huda. Hoton da aka ɗauka bai nuna ba, amma ba kullum yake nunawa ba. In zuwa yamma ba ta sauya ba, za su shiga da ita tiyata su gani da ido.

Na ce, "Likita, mene ne pankiriyas ɗin?"

Ya ce wani nama ne da ke kwance bayan tumbi. Ya wuce gado na gaba.

Na tsaya ina lissafa kayan ciki kamar ina gaban mahauci: hanta, huhu, ƙoda, saifa, tumbi, hanji, matsarmama. Duk na san su, na wanke su da hannuna sau ba adadi. Wannan ban taɓa jin sa ba. Kuma ban gane ba, shin shi ne ke damunta ko ba shi ba ne? In ba shi ba ne, me ya sa aka faɗa mini sunansa? In ba su san abin da ke damunta ba, me za su yanka?

Da azahar takardu biyu suka same ni kusan a tare. Nas ta kawo ɗaya, ta amincewa da tiyata, ta ce in karanta in sa hannu kafin ta dawo. Ɗayar kuma wata ƙaramar likita ce ta zo da ita, 'yar siririya mai gilashi, da fayil a hammata. Ta gaishe ni da Hausa irin ta mutanen kudancin Kaduna, ta ce bincike take yi a kan masu ciwon ciki irin na Yaya, tana neman izinina ta rubuta bayananta.

Da jin kalmar bincike sai raina ya ɓaci. Na ce, "Yayata ba ɓeran gwaji ba ce. Ku da ba ku san abin da ke damunta ba, shi ne za ku koyi aiki a kanta?" Na tura mata takardarta. Ta yankan ciki kuwa tana kan cinyata, har na cire murfin biro. Yanzu in na tuna sai in yi dariya mai ciwo: wadda ba za ta taɓa jikin Yaya ba na kora, wadda za ta buɗe ta na riƙe da hannu biyu.

Ba ta yi fushi ba. Ta zauna a bencin kusa da ni ta ce ba allura a aikinta, ba magani, tambaya ce kawai da kwafe sakamakon jini. Ta ce wannan ciwon yana da wani hali mai ban haushi. Yawancin masu shi in an hutar da cikin, an yi ta ƙarin ruwa, cikin 'yan kwanaki sai su tashi. Wasu kuma sai ya bi ya taɓa ƙoda da huhu. A ranar farko kuwa duk kamarsu ɗaya, mai tashi da mai faɗuwa. Abin da likitoci ke yi shi ne su duba wasu alamu a jini da jiki ranar da aka kawo mutum, su sake dubawa bayan kwana biyu, su ƙirga. Ita so take ta ga ko akwai abin da zai nuna tun da wuri, ba sai an jira ba.

Na ce, "To ki tambaya."

Ta ce, "Yaushe ya fara?"

"Shekaranjiya yanzu. Ran Laraba."

"Ƙarfe nawa?"

Ba wanda ya taɓa tambayata ƙarfe nawa ciwo ya fara. Na ce huɗu na yamma, don shi ya fara zuwa bakina. Ta rubuta, ta ƙirga awoyi da yatsu, ta dubi takardar jinin. Sannan ta ce, kamar da kanta take magana, "Shi ya sa abin ya ƙi zama."

Na ce me ya ƙi zama?

Ta ce, "Malama, abin da muke aunawa a jinin nan tashi yake yi da farko, sannan ya sauka da kansa bayan kwana uku ko huɗu, ko da ciwon na nan. Kamar tukunya ce. In kin taɓa ta da an sauke, kin san an yi girki. In kin zo bayan kwana huɗu za ki ji ta da sanyi. An ɗebi jinin Mama kwana ɗaya da farawa, ya kamata mu ji zafi, ba mu ji ba. Shi ya sa manya suke tunanin wani abu ne daban."

Na dubi takardar da ke cinyata, na dubi Yaya. Idonta a rufe yake, amma na san ta, tana jin komai. Tunda nake ban taɓa saɓa mata a gaban baƙo ba. Kuma in faɗi gaskiya, ba ita kaɗai nake tsoro ba. In na ce Lahadi, tambaya ta gaba ita ce ina nake ran Litinin. Duk da haka ban tabbata na fahimci likitar daidai ba. Kalma ɗaya da na faɗa a bakin ƙofa, ita ce za ta kai mutum ga wuƙa? Abin ya yi mini girma, na kasa yarda.

Na ce, "In da a ce... in da tun Lahadi ne fa?"

Ta cire gilashinta. "Tun Lahadi ne?"

"Tun Lahadi ne. Bayan coci."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Ba abin da ya biyo. Ta ja layi a kan abin da ta rubuta, ta zare takardar tiyatar daga cinyata ta ce in dakata, ta fita da sauri har takalminta na ƙara a baranda.

Kafin la'asar aka sake ɗibar jini. Suka ce akwai wani awo daban wanda shi ba ya saurin sauka, amma ran nan ba a yin sa a wurin, sai a wani ɗakin awo a Sabon Gari. Ni na kai. Na hau acaɓa da 'yar kwalbar a cikin leda, na rungume ta a ƙirji, muka bi ta Palladan ina ta ce wa mai babur ya bi a hankali, can kuma in ce ya yi sauri. Sakamakon ya fito ya nuna ciwon da suka fara zato ne. Hoton ciki na na'ura ya nuna tsakuwa a matsarmama, suka ce wataƙila ita ta jawo. Aka fasa tiyata.

Na yi murna har na yi kuka a baranda, don a zatona an gama. Da ƙaramar likitar ta zo wucewa na tare ta na ce, "Yanzu da kun san shi, a wane ɓangare take? Masu tashi ko waɗancan?"

Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Kwanakin farkon da take son dubawa a gida suka wuce, ba wanda ya auna komai. Ta ce ba ma za ta iya sa Yaya cikin bincikenta ba, don masu zuwa da wuri kawai take ɗauka. Sai dai a sa ido a kan fitsari da numfashi. Da safe ba a san ciwon ba amma ana da abin yi, da yamma an san shi kuma sai jira.

Ran Asabar matan zumunta na coci suka zo da kulolin abinci, aka mayar da su da kayansu suna ta mita. Bayan sun tafi Yaya ta buɗe ido ta yafito ni. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Kin faɗa musu."

"Na faɗa, Yaya. Da sun yanka ki."

"Sun tambaye ki inda kike?"

Na ce ba su tambaya ba.

Ta lumshe ido ta ce, "To madalla. Ni me za su ce mini, tsohuwar 'yar kasuwa? Ke ce malama. Ban so a tsayar da ke gaban mutane a ce kin bar 'yar'uwarki kwana huɗu ba."

Na kama gyara mata zanen gado wanda ba abin da ya same shi.

Daga ran Lahadi fitsarin da ke taruwa a ledar gefen gado ya fara raguwa. Na koyi duba shi kamar yadda na ga nas na yi, ina ɗaga ledar ina kallon layukan, ko da yake ban san layin da ake so ya kai ba. Litinin numfashinta ya yi nauyi, aka sa mata iska. Wani likita ya ce ana samun ci gaba, wani ya ce mu yi addu'a, duk a rana ɗaya. Ran Laraba da safe, wajen ƙarfe tara, Yaya ta cika.

Ina zaune a benci ina jiran a gama rubuce-rubuce sai ga ƙaramar likitar. Ta zauna ta yi mini ta'aziyya. Na daɗe ina juya tambayar a bakina kafin na iya fitar da ita.

"Likita, da na kawo ta ran Litinin, da ta tashi?"

Na so ta ce e, ko ta ce a'a. Kowanne ta faɗa zan san yadda zan ɗauke shi in tafi da shi gida. Ta daɗe tana kallon fayil ɗin da ke hannunta, sannan ta ce ba ta sani ba. Na dube ta da kyau, na ga ba lallashina take yi ba.