Jan Fenti a Jikin Madacin Ƙofar Gidanmu

Babanmu malamin daji ne, amma ba daji yake shiga ba. Itatuwan bakin titi na cikin Kontagora aka damƙa masa, dalbejiya da madaci da malaina da 'yan mangwaro, kuma wallahi ya riƙe su kamar shi ya haife su. Mu da ya haifa ɗin ma wani lokaci sai mu ga kamar mu ne 'yan riƙo. Idan ya shigo gida fuska a murtuke, Inna ba ta tambayar wa ya ɓata masa rai. Sai dai ta ce, "Malam, yau kuma wane itace aka taɓa?"

Duk shekara, kafin ruwan farko ya sauka da iskarsa, yakan ɗaure gwangwani biyu a bayan kekensa, ɗaya farin fenti ɗaya ja, ya bi titi yana duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya shafa wa fari, aski za a yi masa: leburori su hau da adda da igiya, su rage rassan da suka kusa wayar lantarki ko suka leƙa rufin mutane. Wanda ya shafa wa ja, kwanansa ya ƙare. Gwangwanin fari duk shekara sai an sake wani. Na jan kuwa har bushewa yake yi, sai an zuba kananzir an dama, don Baba yakan zagaya itace sau goma yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne kafin ya yarda ya mutu.

Abokan faɗansa na kullum su ne masu sassaƙa. Kowa ya san ɓawon madaci magani ne, saboda haka duk wanda cikinsa ya murɗa sai ya ɗauko gatari ya nufi titi. Baba ya sha bin dattijo da gemunsa a kan keke, ya ƙwace gatarin, ya sa shi ya kwaɓa laka ya shafe ciwon da ya ji wa itacen. Maganarsa ɗaya ce, har yara sun haddace suna kwaikwayonsa: "A ɗiba gefe ɗaya, kada a yi masa zobe!" Ni ma na haddace ta. Ban taɓa tambayar dalili ba, don a lokacin ina ganin wannan duk fitinar Baba ce.

Akwai madaci a ƙofar gidanmu, a layin na hukuma yake, amma Baba ne ya dasa shi da hannunsa shekarar da aka kawo Inna. Ita ta raine shi. Ta sa aka karkato magudanar gidan ta bi ta gindinsa, ruwan alwalarta da na wanke-wanke duk can suke tafiya. Da yake ya girme ni da shekara biyu, ni kuma ce 'yar fari, sai ta riƙa cewa, "Ke, je ki share ƙarƙashin yayanki." Nakan ce yayan da ba ya sayo wa mutum ko ɗankunne, sai zubar da ganye. Ta yi dariya ta ce ai ya fi ni ladabi, bai taɓa mayar mata da magana ba.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, na gama makarantar horon malamai ina zaman jiran aiki, Inna ta kwanta. Ciwon ciki ne. An je asibiti, an sha ƙwayoyi, an yi allurai, an kawo rubutu, ciwon ya lafa ya dawo. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu. Wata tsohuwa 'yar ƙasar Rijau da ke kawo mana daddawa ta zo dubiya, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce da irin Hausarta, "A samo sassaƙen madaci ɗanye, na gabas da na yamma, a jiƙa da jar kanwa. Busasshe ba ya yi." Tana faɗa tana satar kallon Baba, don ta san gidan da ta shigo.

Washegari da hantsi, lokacin da titi ya cika da mutane, Baba ya fito da gatari ya tsaya gaban madacin ƙofar gida. Na ce masa, "Baba, ga madaci can birjik a hanyar kasuwa, wa zai sani?" Ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "na hana mutane, sannan in zagaya in yi? Idan laifi ne, a gan shi a ƙofata." Ya ɗebi kamar tafin hannu ta gabas, ya ɗebi ta yamma, ya kwaɓa laka ya shafe.

Ikon Allah, Inna ta ji daɗinsa. Ba warkewa ta yi ba, amma idan ta sha ciwon yakan sake ta har ta kurɓi kunu ta yi barci. Ɗacinsa kuwa ba a magana. Takan yatsine fuska ta ce, "Yayanku akwai baƙin hali, amma akwai zumunci." Bayan kwana uku-uku Baba ya sake ɗibowa. Wata ya wuce, wani ya bi. Gabas da yamma suka zama fari fat tun daga gindi har inda hannu ke kaiwa, ya koma hawa tsanin leburori yana ɗibo na sama. Kudu da arewa kuwa ya bar ɓawo, ziri ɗaya kowane gefe, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ya miƙe daga ƙasa har sama. Kullum ina ganin zirin nan biyu. Na ɗauka don tsohuwa ta ce gabas da yamma ne kawai ya bar su.

Ana nan aka tura shi Nasko duba wasu itatuwa da za a sare don gyaran hanya. Kwana biyu ya ce, ya jiƙa mana abin da zai isa, leburori suka ɗauki tsaninsu suka tafi tare. Kwana biyu suka zama biyar. A rana ta huɗu jiƙon ya ƙare, ciwon ya taso wa Inna irin wanda ban taɓa gani ba. Tana dafe da ciki tana cizon zane don kada ƙannena su ji. Da gari ya waye ta kamo hannuna ta ce, "Babu saura ko kaɗan?"

Na ɗauki gatarin. Na zagaya itacen, gabas babu, yamma babu, na sama ya fi ƙarfina. Sai zirin nan biyu, ɗanye shar, daidai ƙirjina. Ba zan yi ƙarya in ce maganar Baba ba ta faɗo mini ba. Ta faɗo, na ture ta. Na ce a raina yau ba ranar dokar malamin daji ba ce. Na sare na kudu, na ga bai da yawa, na zagaya na sare na arewa. Ko laka ban shafa ba, na ruga ciki.

Ta sha, ta samu barci.

Baba ya dawo da la'asar ɗin rana ta biyar. Ina tsakar gida na ji tsayuwar kekensa, amma shiru bai yi sallama ba. Na leƙa ta zaure. Yana tsaye gaban itacen, ya ɗora tafinsa a kan saran. Ya daɗe a haka. Sannan ya tsuguna a bakin magudana ya kwaɓa laka da hannunsa, da kayan aikinsa a jiki, ya shafe kudu ya shafe arewa. Da ya shigo na shirya jin faɗan da ban taɓa ji ba. Sai ya ce, "Uwata, yaya mai jiki?"

Inna ta rasu bayan kwana goma sha wani abu, ana tsakiyar zafin bazara. A inuwar madacin aka shimfiɗa tabarmi aka karɓi gaisuwa.

Itacen bai mutu nan take ba, kuma wannan ya fi komai cin raina. Damina ta zo ya yi ganye, na ce alhamdu lillahi, ashe Baba tsoratar da mutane kawai yake yi. Sai daga baya na ji yana yi wa wani lebura bayani a zaure, cewa abincin itace ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, idan aka yanke hanyar ta ko'ina saiwar ce za ta mutu da yunwa a hankali, sama tana kore ba ta sani ba. Ina bayan ƙofa da tsintsiya a hannu. Daga ranar na koma ɗura masa ruwa safe da yamma kamar mahaukaciya, ina canza lakar, har kashin shanu na sa aka samo mini. Da kaka ganyen ya yi rawaya. Da rani ya zube, bai sake fitowa ba.

Gari kuwa ya samu abin faɗa. Malamin daji ya kashe itacen ƙofar gidansa. Wani dattijo da Baba ya taɓa ƙwace wa gatari ya tsaya da gangan a kan kekensa, ya ɗaga kai ya kalli busassun rassan, ya ce, "Malam, wa ya yi wa wannan zobe? A nemo shi ya kwaɓa laka mana." Ina ji daga zaure, saura kaɗan in fito ba mayafi. Baba ya ce, "Ni ne. Allah ya ba da haƙuri." Daga shekarar bai sake bin mai sassaƙa ba. Idan ya gan su sai ya sunkuyar da kai ya taka kekensa. Mutumin da titi guda ke tsoron tarinsa, ni na mayar da shi haka, kuma na kasa buɗe baki in faɗa.

Da lokacin zagaye ya zo, kafin ruwan farko, na gan shi a tsakar gida yana dama jan fenti da kananzir. Bai hau keke ba. Ya fita da gwangwanin a hannu, na bi shi. Bai zagaya ba, bai ƙwanƙwasa ba. Ya tsoma buroshi.

Na ce, "Baba, ni ce. Ni na sare kudu da arewa."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na sani, Uwata. Saran daidai tsayinki yake."

Kuka ya ƙwace mini. Na ce to me ya sa bai yi mini faɗa ba, me ya sa ya bar mutane suna yi masa dariya a kan abin da ba shi ya yi ba? Na ce da ya dake ni ma da na fi samun sauƙi.

Ya ajiye gwangwanin a ƙasa. Ya ce, "Wata uku ina ɗibar ɓawon nan. Kullum na zo sai na auna da tafina, kada in wuce, kada itace ya mutu. Matata tana ciki tana cizon zane, ni ina waje ina awo." Ya ɗaga buroshin, ya ƙara da cewa, "Ke da kika zo ba ki auna ba. Da wane bakin zan yi miki faɗa?"

Ya shafa jan, layi ɗaya, daidai kan tsohuwar lakar.

Leburori suka zo bayan kwana biyu da gatura da igiya da dogon zarto. Suka fara sauke rassa ɗaya-ɗaya saboda waya, yadda ya koya musu, babu mai waƙa babu mai wasa. Shi ya riƙe igiyar da kansa ya nuna inda zai faɗi. Da ya faɗi, rana ta shigo zaurenmu har cikin tsakar gida, wurin da ban taɓa ganinta ba tun da aka haife ni.

Magudanar tana nan yadda Inna ta sa aka karkato ta. Da magariba na yi alwala, na bi ruwan da ido har ya fita ta ƙasan bango. Da na leƙa, Baba yana zaune a kan kututturen, ruwan yana taruwa a gindinsa yana jiƙa masa takalmi, bai ɗage ƙafarsa ba.