Ranar da Aka Kafa Rumfa a Vimtim

Ni dai har yau in na ga an kafa rumfa an jera fararen kujerun roba, sai raina ya ɓaci, ko da kuwa biki ake.

Yayata tana aure a Vimtim. Mijinta ya rasu bayan an dawo daga gudun hijira, ya bar ta da yara huɗu da gona guda a bakin mayo, wato rafi, wadda ita ce abincinsu. Ana gama zaman makoki ƙaninsa ya sa shanunsa a gonar, ya ce ta gidansu ce. Yaya ba ta da baki. Ni ce mai bakin gidanmu, ni na rufe shagon ɗinkina na ja ta zuwa wani ofishi a cikin Mubi, inda ake taimaka wa talaka da shari'a kyauta. Wata ƙungiyar agaji ce daga waje take ɗaukar nauyinsu.

Lauyar ofishin matashiya ce, tana da wani dattijo mai yi musu sulhu. Ni kotu nake so, a ci mutuncin mutumin kowa ya gani. Dattijon ya ce, "'Yata, gonar kike so ko kunyarsa? Kotu za ta kai ku damina uku, yaran me za su ci?"

Na yarda da sulhun, ba don na so ba.

Haka ya riƙa hawa mashin yana zuwa Vimtim, ya zauna da ƙanin mijin su biyu a zaure, a yi hirar taki da tsadar iri. Bai taɓa ce masa ka ƙwace ba. A hankali ya nema masa mafita: za a ce riƙo ya yi wa marayu, yanzu babban yaron ya tasa, ya mayar musu da amanarsu. Mutumin ya yarda. Har ya aiko wa Yaya da irin gyaɗa. Wallahi ranar sai da na ga haƙoranta, abin da na manta rabona da gani.

Ana saura kaɗan ruwa ya sauka, lauyar ta zo shagona, ta kasa zama. Ta ce masu ba da tallafin suna tafe, za su duba ko su ci gaba ko su janye, kuma suna son ganin aiki da idonsu. "Anti, in suka janye rufe ofishin za mu yi. Akwai mutane a gidan yari da ba su da kowa sai mu." Dattijon ya ce kada a yi, sulhun zaure ba ya son taro. Aka ce masa ɗan zama ne kawai, a gaisa a ɗauki hoto.

Ina ɗan zama! Rumfa aka kafa, da lasifika, unguwa duk ta fito. Aka zaunar da Yaya da yaranta a gaba, ƙanin mijin a gefensu da sabuwar hularsa. Wani jami'i da ya rako baƙin ya karɓi lasifikar, da zuciya ɗaya fa, yana murmushi, ya ce ga bawan Allah da ya ƙwace gonar marayu, amma albarkacin wannan shiri ya gane kuskurensa. Baƙin suka tafa. Yara suka tafa. Surukan mutumin suna zaune, 'ya'yansa mata suna leƙe ta katanga.

Na ga dattijon ya sunkuyar da kai. Ƙanin mijin ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya dubi Yaya ya ce, "Matar yayana, tunda ɓarawo ne ni, to a bar ni a ɓarawon." Ya fice.

Da ruwan farko ya shuka masara a gonar. Dattijon ya koma wurinsa ya fi a ƙirga, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba. Na je ofishin na zazzage wa lauyar duk abin da ke cikina, tana kuka ina kuka. An ƙara musu tallafin, ta kai maganar kotu, kuma ba ta fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Ana dai ta ɗage shari'ar. Na rasa wanda zan tsana, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yanzu Yaya ƙwadago take yi a gonakin mutane. Da kakar bara na je na same ta tana cirar gyaɗa a gonar da ke maƙwabtaka da tasu, ta juya wa tasu baya, inda masarar ƙanin mijin take tsaye. Na zauna ina taya ta. Can ta ce, ba tare da ta waiwaya ba, "Ya cika shuka kusa-kusa. Gefen mayon nan ba ya son haka, da ya tambaye ni da na gaya masa."