Gwaggo, Wadda Ta Tsayar da Inji Saboda Ɗigo Ɗaya

Ƙarfe bakwai da rabi na safe take isowa, kafin mai inji, kafin mai ɗinkin littafi, kafin ma ita mai maɗaba'ar. Ta buɗe tagar ɗan ɗakinta da ke bayan ɗakin inji, ta goge teburi da tsumma, ta ciro rular ƙarfe da jan biro guda biyu daga aljihun tebur. Sai ta cire takalmi, ta ɗora ƙafafunta a kan wani tsohon kwalin takarda, ta jawo shafukan ranar. Rular take ɗorawa a ƙarƙashin layi, ta karanta shi leɓɓanta na motsi, sannan ta sauko da ita layi na gaba. In ta kai ƙarshen shafi, ta sake bin sa daga ƙasa zuwa sama. Shekara talatin da huɗu ke nan tana wannan aiki na gyaran rubutu, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye shi.

Kowa Gwaggo yake ce mata. Yayanta ne ya kafa maɗaba'ar, 'yarsa ce ta gaje shi bayan rasuwarsa, kuma daga bakin 'yar sunan ya yaɗu, har dattawan marubuta da suka girme ta sun ɗauka.

Abin da ya sa na bi diddiginta shi ne wani mamaki da ya daɗe yana cina. Ƙananan maɗaba'u ba su da suna mai kyau, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Ka ce ƙaramar maɗaba'a ce ta buga maka littafi, sai a yi maka wani irin murmushi na tausayi. Mun ga littafin da shafi na arba'in ya zo kafin na talatin, mun ga wanda bangonsa ya rabu da jikinsa tun a hannun mai saye. Manyan kamfanoni sun koma littattafan makaranta kawai. Matasa sun koma zuba labari a waya, wanda kuma yake son takarda, akwai shagunan da za su buga masa ko mene ne cikin kwana biyu ba tare da sun karanta layi ɗaya ba. Amma akwai wani mai sayar da littattafai a kusa da tasha, mutum mai tsantseni, wanda na sha gani yana jujjuya sabon littafi yana taɓe baki yana mayar wa mai shi. In kuwa kwali ya zo daga maɗaba'ar su Gwaggo, ko buɗe guda ɗaya ba ya yi, jerawa kawai yake yi a kanta.

Na ce masa, "Su waɗannan me suka ba ka?"

Ya ce, "Ba su ba ni komai ba. Tsohuwar nan tana nan dai ko?"

Na ce tana nan.

"To shi ke nan."

Ni kaina na san hannunta. Littafina na farko ita ta duba. A wani wuri na so in ce mota ta wuce ta bar mu da ƙura, sai na manta lanƙwasar da ke kan harafin, ya zama ta bar mu da kura. A gefen shafin ta rubuta da jan bironta, "Allah sarki. Ku nawa ta ci?" Shafi ɗari da ashirin ne littafin, na ƙirga tambayoyinta sun haura ɗari biyu. Na yi fushi na mako guda, sannan na zauna na gyara. Amma wannan kaɗai bai isa ya bayyana mini amanar da mai sayar da littattafai ya ba su ba. Don haka na je na zauna da mai inji, wanda ya shekara ashirin da bakwai a gidan, na ce ya gaya mini abin da ban sani ba.

Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Ba ka san labarin littafin nas ba ke nan."

Ga yadda ya ba ni shi. Wata tsohuwar nas ce ta rubuta littafi domin iyaye mata da masu koyon aikin lafiya, a kan kula da ƙananan yara. A ciki akwai jadawalin ma'aunin magani. Gwaggo ta duba shi sau uku, nas ta duba, aka sa hannu. Aka buga kwafi ɗari biyu na farko aka ɗinke aka kai wa nas ta raba wa ɗalibanta, aka ci gaba da buga sauran domin taron ƙaddamarwa da aka sa nan da kwana biyar. Gwaggo tana da wata ɗabi'a, in inji na gudu sai ta shigo ta zare shafi ɗaya daga tulin tana dubawa, tawada ko bushewa ba ta yi ba. Ranar ma haka ta yi.

"Ina tsaye ina kallon takarda na fita," in ji mai inji, "sai na ji injin ya yi shiru. Na ɗauka wuta aka ɗauke. Na waiwaya, sai ga Gwaggo hannunta a kan makunni. Ita da ba ta taɓa kai hannu jikin injin ba."

A layin maganin zazzaɓi na jarirai, inda aka rubuta 2.5, ɗigon ya ɓace wajen haɗa farantin bugu, wanda ake ɗora wa inji ya fitar da rubutun a kan takarda. Abin da ya fito shi ne 25.

Yayanta ya fito daga ofis a guje. Da ya ga abin, sai ya ce a buga 'yar takardar gyara a saka a cikin kowane littafi, haka ake yi ko'ina.

Ta ce, "Yaya, 'yar takardar da za ta faɗi tun a mota? Uwar da jikin ɗanta ya yi zafi ba 'yar takarda za ta nema ba. Shafin za ta buɗe."

"An raba katin gayyata fa. Kin san abin da za a ce da mu?"

"Na sani. Su ce."

Mai inji ya ce an fi sa'a guda ana wannan ja-in-ja a gabansu. Ƙarshe Yayan ya jefar da makullan ofis a kan tebur ya ce ta yi yadda ta ga dama, tunda ta zama ita ce babba. Aka yayyanka shafukan da aka buga. Ranar taro ta zo, baƙi suka cika ɗakin, babu littafi ko ɗaya a kan tebur. Wani ma'aikacin babban kamfani ya ce wa nas a gaban mutane, "Wa ya aike ki wurin 'yan lungu?" Maganar ta zaga gari. Marubuta biyu suka zo suka karɓe rubutunsu a makon.

Gwaggo ba ta je taron ba, tana can tana farautar kwafi ɗari biyun da suka riga suka fita. Ta karɓi sunayen ɗaliban daga wurin nas, ta bi su aji-aji, gida-gida. Cikin kwana uku ta tara ɗari da casa'in da tara. Na ƙarshen, ɗalibar ta ce ta ba matar wanta, wata tela da ke can ƙarshen gari.

Wannan ɓangaren daga bakin Gwaggo na ji shi, bayan na yi ta naci. Ta ce ta sami matar a kan keken ɗinki da goyo a bayanta. Ta yi sallama ta faɗi abin da ya kawo ta. Matar ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, kyauta aka ba ni. Ban san ki ba, ban san inda kika fito ba, ki ce in ba ki littafina?"

Gwaggo ta ce to kada ta ba ta, ta dai ɗauko su duba tare. Ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ta buɗe shafin, ta nuna mata layin, ta yi mata bayani. Matar ta tsayar da keke. Ta ce, "Shekaranjiya na karanta wurin nan. Har na naɗe kunnen shafin, na ce in zazzaɓi ya sake kama shi haka zan ba shi." Ta kai hannu baya ta dafa ƙafar yaron. Ta miƙa littafin da kanta. Bayan mako biyu Gwaggo ta koma ta kai mata sabo.

Na ce, "Gwaggo, ai ba ke kika goge ɗigon ba. Ke kin duba, daidai yake."

Ta ce, "Daga ɗakinmu ya fita, ɗana. Matar nan ba ta san wani farantin bugu ba." Tun daga ranar, babu farantin da ake ɗora wa inji sai ta gan shi.

Ba wanda ya buga wannan labari a jarida. Nas ce ta riƙa ba da shi duk inda ta koyar, ɗalibanta suka ba wasu, har ya isa kantin da ke kusa da tasha. A hankali masu rubutu a kan lafiya, da noma, da gyaran wutar lantarki, duk wanda kuskure a littafinsa zai iya cutar da mutum, suka fara kwankwasa ƙofar 'yan lungun.

Kada in mai da ita waliyyiya. Gwaggo tana da nawa, nawa mai sa mutum ya ciji yatsa. Littafin da shago zai fitar a kwana biyu, a wurinta sai ya yi wata uku. Wani malamin jami'a ya taɓa fita yana faɗa don ta tambaye shi yadda aka yi mutumin da ya binne a babi na uku ya zo sayen takalmi a babi na tara. Bai dawo ba. Ita da 'yar yayanta sun sha yin kwanaki ba mai yi wa wata magana sai gaisuwa. Ita 'yar ce take fama da masu jira, ita ce take jin "wancan shagon ya fi ku sauri", kuma ba ta yi ƙarya ba da ta ce mini suna mai kyau ba ya hana marubuci gajiya da jira.

Bara 'yar yayan nata ta kawo manhajar kwamfuta mai gyaran rubutu, tana ɗari-ɗari, tana jiran yaƙi. Abin mamaki, Gwaggo ta jawo kujera ta ce a nuna mata. Kwana uku tana gwada ta, tana ɗana mata tarko da gangan, tana dariya in ta faɗa, tana gyaɗa kai in ta tsallake. Daga ƙarshe ta ce, "A bar ta, tana da ƙoƙari. Ta riƙa share mini tsakar gida, ni in shiga ɗaka." Haka suke aiki tun daga nan, kuma wata ukun ya koma wata ɗaya da rabi.

Gwaggo, ke ce kika karanta littattafai sama da ɗari huɗu, wasu sau biyar, ba a rubuta sunanki a bangon ko ɗaya ba. Ke ce aka yi ta tafa wa marubuta a taro a kan jimlolin da kika miƙe musu, kina gida kina sa maganin ido. Mai jan biro, mai hana mu jin kunya. Da yawa daga cikinmu an ce mun iya rubutu, alhali mun san wadda ta tsaya tsakaninmu da dariyar jama'a.

Idon ne ya gaza. Likita ya ce yanar ido ta sauka a duka biyun, kuma ko bayan aiki ƙananan baƙaƙe ba za su zama abokanta kamar da ba. Ita da kanta ta je ta sami 'yar yayanta. Ta ce wata rana ta tsallake layi guda ba ta sani ba, sai a bi na biyu ta kama shi, kuma ba za ta jira ranar da bi na biyun ma zai wuce ta ba. Shekara biyu ke nan tana zaunar da matar da ke buga rubutu a kwamfuta kusa da ita, tana nuna mata. Ita ce za ta hau kujerar. Na tambayi Gwaggo ko ta gamsu da ita. Ta ce, "Tana da tsoron kuskure. Shi nake nema." Ko hakan zai riƙe sunan gidan, ban sani ba. Ita ma mai maɗaba'ar ta ce mini ba ta sani ba, kuma tana kwana da abin a rai.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki lafiyar ido, ya jiƙan Yayanki. Ku kuma masu ƙananan maɗaba'u, da masu shagunan bugu, da ku masu zuba labari a waya, ba sai kun sayi sabon inji ba kafin a daina yi muku murmushin nan. Ku sami mutum ɗaya da zai karanta abin da kuke fitarwa tun daga farko har ƙarshe, ku kuma ba shi ikon cewa a dakata.

Da zan tafi na tambaye ta me za ta riƙa yi a gida. Ta ce ai ba mutuwa ta yi ba. Duk ranar Talata da hantsi ƙofarta a buɗe take, duk mai rubutu ya zo ya karanta mata da bakinsa, ita kuma ta saurara, in ta ji gargada ta ce ya maimaita. Ba ta son ko sisin kowa. Sharaɗi ɗaya ne, ta ce in sanar: kowa ya zo da kujerarsa, domin guda biyu gare ta, ɗaya kuma ƙafarta na rawa.

Ni dai na riga na sayi tawa.