Wasiƙun da Issoufou Bai Buɗe Ba

Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya da Issoufou a unguwar Manfuha, nan ƙasa mai tsarki, ban taɓa ganin ya gama shan shayi a zaune ba. Zai kurɓa sau biyu, ya miƙe, ya leƙa titi, ya dawo yana neman makullin da ke hannunsa. Layin waya kuwa duk bayan wata uku sai ya canza. Ni Basiru mai ɗinki, wanda zama ne sana'ata, wannan hali nasa har ciwon kai yake sa ni.

Mutumin Mirriya ne, kusa da Damagaram. Mahaifiyarsa Zouera maginiyar tukwane ce. Ya ce mata shekara biyu zai yi ya dawo, ga shi an shiga ta bakwai. Ya yi gini a unguwar Gubaira, ya yi wankin mota, ya yi gadi, ko'ina ba ya daɗewa. A 2016 ya samu tuƙin wani Daktur mai koyar da tsofaffin harsuna a jami'a, shi ne kuma kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa a takardun zama.

Duk mai zuwa Umara daga garinsu sai ya taho masa da wasiƙar tsohuwa. Issoufou zai karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya jefa ta cikin gwangwanin madara ƙarƙashin gado. Ba ya buɗewa. Na yi faɗa har na gaji.

"Na san abin da ke ciki," in ji shi. "Ka zo, ka zo. Da wace fuska zan zo?"

Wata rana Daktur ya so ɗalibansa su gwada rubutun mutanen dā, irin wanda ake dannawa da tsinke a jikin ɗanyen yumɓu. Duk allon da suka yi, kafin la'asar ya tsattsage. Issoufou da ya shigo da jakar maigida ya kasa yin shiru. Ya ce ai ba a shanya yumɓu a rana, kuma sai an cuɗa shi da ƙaiƙayi. Washegari ya kwaɓa musu yadda ya ga uwarsa tana yi, ko ɗaya bai fashe ba. Daga nan Daktur ya riƙa zaunar da shi a bayan aji, in dai za a kira abin da Issoufou yake yi zama.

Ranar wata Alhamis ya faɗo shagona da rana tsaka, yana zagaya keken ɗinki kamar kazar da za ta yi ƙwai.

"Basiru, ka san akwai wasiƙun yumɓu da aka tono a Masar? Sun fi shekara dubu uku. Ƙananan sarakunan ƙasar Kan'ana ne suke aika wa Fir'auna. Da Akkadiyanci suke rubutawa, harshen manya na lokacin, amma ba nasu ba ne, sai harshensu na gida ya yi ta kutsowa ciki. Daktur ya ce rabi wannan, rabi wancan."

"To, sai me? Matsa min daga haske."

"Akwai wani sarki a bakin teku, ya aika wajen sittin. Kullum magana ɗaya: an kewaye ni, ka turo taimako, me ya sa ka yi shiru? Na ce, ya Daktur, an amsa masa? Ya ce taimakon dai bai zo ba. A ɗakin ajiya aka tarar da wasiƙun, a jibge."

Raina ya ɓaci, na ce masa, "Ai kai ma kana da ɗakin ajiya. Na madara ne."

Ya fita, na rufe shago na bi shi. Na tarar ya zazzage gwangwanin a kan tabarma, wasiƙa goma sha ɗaya. Wani malamin makarantar garinsu ne yake rubuta wa tsohuwa, da Faransanci, don a ganinta takardar da za ta ƙetare teku sai da harshen gwamnati. Layi uku na farko gaisuwa ce tsaf. Daga nan sai Hausa ta ɓalle, malamin ya riƙa zuba maganarta yadda ta fito: rumbu ya rushe, idona ya yi rauni, ba kaya nake so ba, kai nake so. A ƙasan kowace takarda ta dangwala babban yatsanta da jar ƙasar tukwane.

Ya jera su bi da bi. Yatsan yana raguwa, yana karkacewa. Ta ƙarshe, wadda ta zo wata biyu da suka wuce, babu yatsa. Ƙanwarsa Biba ce ta sa aka rubuta: hannun Inna ya daina ɗagawa.

A ranar na ga Issoufou ya zauna, kuma wallahi ban ji daɗin ganin hakan ba.

Daktur ya sa masa hannu a takardar izinin barin ƙasar ba tare da ja-in-ja ba. Kwana tara ana jiran jirgi, bai ci abin kirki ba, ni ma ya hana ni sakat. Na raka shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid da ƴar jaka ɗaya, ko tsaraba babu.

Bayan kwana uku saƙon murya ya shigo min daga wata baƙuwar lamba. Gajere ne.

"Basiru, na same ta. Ba ta magana. Amma ta kama min yatsa, har yanzu ba ta saki ba."