Wa Ya Cire Marfin Dam Jan?

Bana shekara talatin da shida ke nan da muka binne yayana, Malam Isufu, a wata maƙabarta kusa da Lyon, nesa da Damagaram inda aka yanke masa cibi. Duk wanda ya tuna shi cewa yake yi mutumin kirki ne, mai sanyin murya. Ni ma haka nake cewa. Amma ni Rabi ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma akwai tambayar da ta hana ni sakat tun yana raye. Shin Yaya yana shan giya? Ban taɓa furta ta a bainar jama'a ba sai yau, don waɗanda za ta ƙona duk sun riga mu gidan gaskiya. Ta ƙarshensu ita ce matarsa Hadiza, wadda ta rasu bara.

A shekarun tamanin ni ina Bobigny, gefen Paris, tare da maigidana da ke fataucin atamfa. Yaya kuwa yana Saint-Fons, yana aiki a wata masana'antar sinadarai. Shi ke jan salla a fuwaye, wato gidan da leburori gwauraye ke kwana, inda aka ware ɗaki guda aka shimfiɗa tabarmi. Ba don ya fi kowa karatu aka sa shi gaba ba, sai don ɗan liman ne kuma ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Sunan nan shi ne duk abin da ya mallaka a Faransa.

Wata rana Hadiza ta bugo mini tarho, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta fashe da kuka. Wai yayana ya ajiye Baturiya, sunanta Dam Jan. Da kunnenta ta ji yana gaya wa maƙwabcinsu Manuwel, wani ɗan Fotugal da suke aiki tare, cewa Dam Jan na jin sanyi, sai an lulluɓe ta da bargo. Kuma sukarin gidan yana ƙarewa ba dalili. Faransancin Hadiza na cefane ne kawai, amma bargo da sukari ai ba sa buƙatar tafinta. Raina ya ɓaci, na ɗaura ɗankwali na hau jirgin ƙasan nan mai gudu da aka fara yayi a lokacin. Tun daga Paris har Lyon ina shirya baƙaƙen maganganun da zan gaya wa Dam Jan.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauki mabuɗi ya ce mu biyo shi mu gaishe ta. Muka sauka kab, ɗakin ajiyar da ke ƙarƙashin bene, ya yaye bargo. Tabɗijam! Ashe Dam Jan butali ce, ƙatuwar kwalba mai tumbi kamar randa, zaune cikin saƙar kwando. Haka Faransawa ke kiran irinta. Hadiza ta rufe fuska da mayafi, kunya da daɗi suka haɗe mata.

Ni kuwa ban yi dariya ba, don na ga abin da ke ciki. Jan ruwa ne mai kumfa, na seriz, 'ya'yan itacen nan masu girman magarya da Manuwel ke kawowa daga lambunsa. A bakin butalin an toshe da marfi, an soka wani lanƙwasasshen bututun gilashi mai ɗan ruwa a ciki, yana ɓul, ɓul, shi kaɗai. A kan kanta ga tiyo, ga mazurari, ga wasu 'yan takardu masu canza launi in an tsoma su, ga wani dogon ma'auni kamar na zafin jiki. Warin ɗakin kuwa ba sai an gaya maka ba. Wallahi a lokacin na gwammace a ce Baturiyar ce.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "Khal ne, Auta, binegar, ruwan tsamin nan da ake zuba wa salat. Na kanti a nan kusan duk da giyar inabi aka yi shi, mutanen fuwaye suna ƙyamarsa. Shi ne na ce bari in yi namu."

Na ce, "To naka ta ina yake bi?"

Bai ɓoye ba, ya ce ta nan ɗin yake bi, babu khal ɗin da bai fara zama giya ba. Ya ce malamai sun yi bayani, idan ta juye ta yi tsami ta tsarkaka. Sannan ya ɗaga ma'aunin ya ce don wannan ya saye shi: a saka shi cikin ruwan ya yi iyo, inda ya tsaya shi ke nuna ko sukarin ya ƙare. Ya ce, "Shi ke ɗanɗana mini, don kada harshena ya taɓa." Maganar ta yi daɗin ji. Daɗinta ne ma ya sa ban yarda da ita ba, don na san Yaya tun muna yara, in ya shirya amsa tsaf haka to ya daɗe yana jiran tambayar.

Da na koma Paris ban zauna ba. Na nemi kantin da ke sayar da irin kayan nan, na shiga da lulluɓina, mai kantin na kallona kamar na ɓata hanya. Na nuna masa lanƙwasasshen bututun na tambaye shi amfaninsa. Ya ce yana barin iskar ciki ta fita, yana hana ta waje shiga. Na ce in ta shiga fa? Ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Madam, ai giyar ta lalace ke nan, ta zama binegar!" Wato abin da Yaya ya ce yana nema, shi ne abin da bututunsa ke hanawa.

Na buga masa tarho na faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba. Ya ce haba Auta, mataki biyu ne, da farko a toshe, in ta nuna a buɗe a ɗaura ƙyalle iska ta shiga. Na ce tsakanin toshewa da buɗewa fa, wa ke gadin butalin? Sai kawai ya ce in gaida maigidana. Daga ranar na koma 'yar sa ido a kan ɗan'uwana. In na je Lyon sai in matsa kusa da shi wai ina gyara masa hula, alhali numfashinsa nake shinshina. In idonsa ya yi ja, in rasa ko hayaƙin wurin aiki ne ko Dam Jan. Ban taɓa kama shi da komai ba, kuma ban taɓa ganin butalin a buɗe ba. Kullum in na sauka, ɓul, ɓul. Ga shi an fara ƙus-ƙus a fuwaye, don wani ya ga Manuwel na shigar da kwandunan seriz, har wasu suka koma yin sallarsu a ɗaki. Da na buɗe baki sau ɗaya, da babu mai sake bin Yaya salla, da kuma labarin ya riga jirgi isa kunnen Inna a Damagaram. Na ja bakina na yi gum, amma zuciyata ba ta yi gum ba.

Yau kam abin ya zama wasa. Kayan da na shiga kanti cikin lulluɓi don in tambaya, yanzu da waya ake sayensu a kawo maka har ƙofa, har da ma'aunin da ke nuna lamba da kansa. A kasuwa ga khal ɗin tuffa jere, kowace kwalba da tambarin halal, matasa na shan sa wai don rage tumbi. Ina jin da Yaya na nan da ya juya kwalbar ya ce, "Auta, wannan ma ta can ya bi, wa ya yi gadinsa?"

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a asibiti wata da watanni, har rai ya yi halinsa. Bayan an kai shi, gida cike da 'yan gaisuwa, na ɗauki mabuɗin kab na sauka ni kaɗai, da niyyar in tuntsurar da Dam Jan kafin wani ya gani. Na yaye bargon. Babu marfi, babu bututu. An ɗaure bakinta da ƙyalle, kamar yadda ya ce ana yi. Na kwance, tsami ya doki hancina har na yi atishawa. Na tsoma yatsa na lasa. Khal ne, tsantsarsa. Na durƙusa a wurin na yi kukan da ban yi ba a gaban gawarsa, ina cewa Yaya ka yi gaskiya.

Ina share hawaye da ƙyallen ne na lura da shi. Yankin atamfa ne, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, wadda ni da kaina na kai wa Hadiza daga shagon maigidana. To yaushe na kai mata? Kafin a kwantar da shi ko bayan nan? Na yi ta juya abin a kaina, na kasa tunawa. Mabuɗin kuma a hannunta yake duk tsawon jinyar, kuma na ji muryarta kusa da shi ranar da ya yi mini bayanin ƙyalle a tarho.

Ranar sadakar arba'in Hadiza ta haɗa salat da tumatir da albasa a manyan tire, ta zuba khal ɗin nan ba ƙyashi. Mutanen fuwaye, har da masu ƙus-ƙus ɗin, suka ci suka suɗe hannu. Ta fito bakin ƙofa cikin takabarta ta ce musu, "Na Malam ne, shi ya yi da hannunsa, don ku." Wani tsoho ya ce Allahu akbar, ashe abin da yake yi ke nan, Allah ya yafe mana. A madafa na tsare ta na ce, "Hadiza, tsakaninki da Allah, wa ya cire marfin?" Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Rabi, ci abincinki."

Shekara da shekaru ina sake tambayarta, a biki, a suna, har a gadon da ta cika, amsar ba ta taɓa canzawa ba. In Yaya ne ya cire, to na yi ɗan'uwa mai gaskiya. In kuwa ita ce, to ya yi dacen matar da ta sauka kab ita kaɗai ta rufa masa asiri, har daga ƙanwarsa. Sunansa dai ya tsira, a fuwaye da Damagaram baki ɗaya. Ƙyallen yana nan cikin akwatina, tsuntsayen sun koɗe. Duk shekara a irin wannan lokaci nakan fito da shi in shinshina, sannan in ɗaga hannu in roƙa musu gafara su biyun, ba tare da na san wanne nake gode wa ba.