Ruwan Sadakar Maƙwabciyata a Wimbledon

Sammako muka yi ranar Lahadi daga Lewisham, ni da maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Thailand da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar a keken guragu. Gidan ibadar mabiya Buddha muka nufa a Wimbledon. Burinta ta yi wa mijinta da ya rasu sadaka, ta zuba masa ruwa da hannunta kamar yadda suke yi. 'Ya'yanta sun ce ta haƙura, hannun rawa yake. Ni kuwa ɗoki ya hana ni barci, har waina na soya.

A tashar jirgin ƙasa ta Waterloo na tambayi kuɗin shayi, na ji ƙishin ya tafi da kansa. Sauri muke, domin malamansu ba sa cin abinci in rana ta take.

Kai, wurin ya yi kyau! Jan rufi mai tsini, ado ruwan zinare, ga tafki da bishiyoyi, sai ka rantse ba London kake ba. Ta ce mutanen ƙasarsu ne suka gina shi. Takalma aka tuɓe a ƙofa, na ce wannan kam mun saba. Mace ba ta miƙa wa malami abu hannu da hannu, sai a kan ƙyalle. Haka wainata ta isa gaban wani mai askin ƙwal-kwabo da mayafi ruwan goro, har ya ƙara.

A bango ta nuna min zanen wata mace tana matse gashinta. Wai ita ce ƙasar da muke takawa. Duk ruwan da Buddha ya zuba bayan sadaka ita ta adana a gashinta, ranar da maƙiya suka taso masa ta matse, ambaliya ta kwashe su. Shi ya sa ake son ruwan ya zuba siriri, kada ya yanke.

Aka fara karatu, ta ɗauki 'yar butar tagulla, hannu ya soma karkarwa. Tun a gida na faɗa mata rakiya kawai na zo, ba ibada ba.

"'Yata, ba sai kin ce komai ba. Riƙe min gwiwar hannu kawai."

Na riƙe. Ruwan ya sauka a kwano har ɗigon ƙarshe, tana kiran sunan mijinta a hankali.

Da yamma muka dawo, murna fal cikina. Na gane ba sai addini ya zo ɗaya ake tallafar hannun mutum ba. A bakin ƙofa ta kira babban ɗanta a waya, ko gaisuwa babu ta ce masa: "Bai yanke ba."