Raken da Muka Taso da Shi

Ina amarya ruwan dam ɗin Tiga ya ci garinmu. Kowa ya kwashi abin da zai iya. Maigidana ya bar gadon ƙarfe, ya ɗauko damin rake, ya dasa a fadamar da aka ba mu a nan wajen Bebeji. Rake ba a shuka shi da ƙwaya, jikinsa ake sara a binne. Shi ya sa duk shekara in an sayar da raken gonar, sai ya ware layi uku na iri, ba mai taɓa su.

A jinyarsa ta ƙarshe, autarmu da ke karatun tarihi a Kano ta zo hutu. Da hantsi takan zauna gefen tabarmarsa tana bitar littafinta, tana mayar masa da Hausa. Wata rana ta zo kan wata ƙasa can ƙetaren teku, wai ita Guyana. Ta ce Turawan Holan ne suka haƙa magudanan ruwa a gaɓar teku, suka kai bayi daga ƙasashen baƙar fata su noma musu rake. Daga baya Turawan Ingila suka karɓe ƙasar. Da aka hana bauta, sai suka kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya.

"Su ma ban-ruwa suke yi?" in ji shi.

"Baba, su ai ruwan yawa ya yi musu, korar sa suke yi."

Ya yi dariya har ya sarƙe da tari. "To, da sun aiko mana da ragowar."

Sannan ya tambaye ta ko waɗanda aka kai ɗin an bar su sun riƙo wani abu daga gida. Ta duba, ta ce littafin bai faɗa ba. Ya ce Allah Ya jiƙan su, mu dai an ba mu lokaci mun ɗaure kaya.

Ya rasu kafin lokacin sara. Ina cikin takaba, ba na fita, ƙaninsa ya sayar wa wani ɗan kasuwa daga Kiru raken gaba ɗaya. Ba da mugunta ya yi ba. Masunci ne, bai san zancen layi uku ba, ni kuma ban yi tunanin faɗa masa ba. Sai da safe na ji wucewar mota da hayaniyar masu sara, na aika a kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa muka gaisa, na faɗa masa zancen layi ukun iri.

"Yaya, ai rake duk rake ne. Iri ko a kasuwa sai a saya."

"Na kasuwa ba daga garinmu ya taso ba. Kai dai kifi ka sani, shi ma sai in ya ga dama ya shiga komarka."

Ya yi dariya, ita ce ta farko a gidan tun rasuwar. Ya tari acaɓa ya tafi gonar. Ko da ya isa, an riga an sare layi biyu an loda. Ya tsaya gaban na ukun, bai gusa ba sai da motar ta tashi.

Layi ɗayan da ya rage, gefen gona kawai ya ishe mu dasawa, sauran muka sa albasa. Sai bana raken ya sake rufe fadamar. Ƙanin nan ne yake zuwa ban-ruwa, yana yi yana mita wai bayansa na ciwo.